Ganganci, Fushi da Diyya: Tarihin Hukuncin Kisan Kai a Kotunan Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba, wanda ya kashe kwarton matarsa. Ba a yi jayayya a kan cewa shi ya yi kisan ba. Abin da ya raba jojin Turawa da majalisar Sarki shi ne sakamakon da ya dace da shi. A wurin majalisar, mutum ne da ya kashe rai da gangan, don haka ransa ya zama hakkin magadan mamaci. A wurin jojin kuwa, mutum ne da aka tunzura har ya fita hayyacinsa, wanda ɗauri ya ishe shi horo. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan saɓani tun daga abin da Turawa suka tarar a ƙasar Hausa har zuwa ga dokar da aka kafa a 1960, domin a ga yadda kowane ɓangare yake auna abin da mai kisa ya cancanta. Za kuma a riƙa lura da kalmomin da Hausa ta ɗauki wannan magana da su, saboda a cikinsu wani ɓangare na tarihin yake.

2.0 Abin da Turawa suka tarar

Tun kafin jihadi akwai alƙalai a biranen Hausa, kuma fiƙihun Malikiyya ya daɗe da zama a hannun malamai. Sai dai ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitab al-Farq shi ne sarakunan Haɓe sun mayar da hukunce-hukuncen shari'a hanyar cin dukiya: maimakon a kashe wanda ya yi kisa da gangan, ko a karɓi diyya a raba wa magada idan kuskure ne, sai masu mulki su ƙwace kayan mai laifi su ci. Zargin ya ƙunshi abu biyu, wato sassauta wa mai kisa da kuma danne hakkin masu jini. Na biyun ya fi muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Bayan kafa Daular Sakkwato, littattafan da alƙalai suka dogara da su su ne Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, tare da rubuce-rubucen masu jihadi irin su Diya'ul Hukkam, wanda Abdullahin Gwandu ya rubuta a Kano.

A tsarin waɗannan littattafai, kisan kai hakki ne tsakanin mutum da mutum kafin ya zama laifi ga hukuma. Waliyyan jini, wato maza mafi kusanci ga mamaci ta wajen uba, su ke kai ƙara, su ke neman ƙisasi, kuma su ke da ikon yafewa. Idan mamaci ya bar 'ya'ya maza da yawa, ɗaya daga cikinsu ya yafe, ƙisasi ya faɗi ke nan, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Amma mai kisan da aka yafe wa ba ya tafiya haka nan: Malikiyya sun ɗora masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kisan kuskure kuwa babu ƙisasi a cikinsa. Diyya ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma dangin mai kisan na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku, shi kuma ya yi kaffara ta 'yanta bawa ko azumin wata biyu a jere.

Akwai kisa guda da magada ba su da ta cewa a kansa, shi ne wanda malamai ke kira kisan gilla: a yaudari mutum a kai shi inda babu mai ceto a kashe shi, galibi don a ɗauki abin hannunsa. Wannan hakkin shugaba ne, yafewar dangi ba ta kuɓutar da mai shi. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda ma'anar wannan lafazi ta faɗaɗa. A bakin masu karanta labarai a rediyo kisan gilla ya koma duk wani kisa na rashin imani, har da na jama'a da yawa a lokaci guda, alhali a wurin alƙali sharaɗinsa yaudara ce da ɓoyewa.

Inda Malikiyya suka bambanta da sauran mazhabobi, kuma inda rikicin baya ya samo tushe, shi ne rabe-raben kisa. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya suna da mataki na tsakiya, mai kama da ganganci, inda mutum ya yi nufin duka da abin da bai saba kashewa ba amma ajali ya zo. A mashahurin zancen Malikiyya mataki biyu ne kawai, ganganci da kuskure, in ban da mas'alar uba da ɗansa. Duk wanda ya kai wa wani duka cikin gaba, ko da sanda ne ko mari, har ya mutu, to ganganci ne, ko da bai yi nufin raba shi da ransa ba. Abin da ke fitar da duka daga ganganci shi ne wasa ko ladabtarwa. Ke nan fushi a wannan ma'auni shaida ce a kan mai laifi, domin shi ke nuna cewa ba wasa ake yi ba.

Hausa ta karɓi mafi yawan sunayen hukuncin daga Larabci, kamar diyya da ƙisasi da kaffara da hukunci da alhaki, amma ta bayyana halin zuciyar mai aikin da kalmomi irin su ganganci da kuskure da tsautsayi. Mai zartar da kisan ma yana da sunansa na gida, Hauni. Karin maganar da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ta nuna cewa a tunanin Bahaushe jinin da aka zubar bashi ne mai bin sawu, ko kotu ta zauna ko ba ta zauna ba.

Game da shaida, ana tabbatar da kisa da iƙirari ko da shaidu biyu maza adilai. Idan babu su, amma akwai alama mai ƙarfi, kamar mamaci ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, sai a koma ga ƙasama, wato rantsuwa 50 da maza biyu ko fiye daga dangin mamaci za su yi cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Malikiyya sun yarda a kashe mutum da irin wannan rantsuwa.

3.0 Kotu biyu a ƙasa ɗaya

Da Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya yi alkawarin barin alƙalai su ci gaba da shari'arsu, bisa sharaɗin a daina yanke gaɓoɓi, kuma kada a zartar da hukuncin kisa sai da amincewar hukumar Turawa. Manyan kotunan sarakuna sun ci gaba da sauraron shari'ar kisan kai da fiƙihun Malikiyya. Littafin shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, wanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, yana ɗauke da misalan irin waɗannan ƙararraki. J. N. D. Anderson, wanda ya zagaya ƙasashen da Ingila ke mulka a Afirka ya wallafa bincikensa a 1954, ya lura cewa da wuya a sami wata ƙasa a wajen yankin Larabawa da ake aiki da shari'ar Musulunci da faɗi kamar Arewacin Nijeriya.

A gefe guda kuma, tun 1904 Lugga ya kafa wa kotunan Turawa na Arewa kundin dokokin laifuffuka, Kiriminal Kod, wanda aka kwaikwayo daga na jihar Kwinsland ta Ostareliya na 1899, aka kuma shimfiɗa shi a duk Nijeriya a 1916. A wannan kundi kisan kai laifi ne ga Sarkin Ingila. Hukuma ke gurfanar da mai laifi, dangin mamaci ba su wuce shaidu ba, kuma yafewarsu ba ta hana rataya. Sannan kundin ya raba kisa gida biyu ta wata fuska daban: wanda hukuncinsa kisa ne tilas, da wanda hukuncinsa ɗauri ne. Daga cikin abubuwan da ke sauko da laifi daga na farko zuwa na biyu akwai tunzurawa ta farat ɗaya, idan mutum ya yi kisan cikin zafin zuciya kafin ta huce.

Shekara talatin tsarin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da babban karo ba, domin dokar ta keɓe kotunan gargajiya daga kundin, kuma ba a ɗaukaka ƙara daga gare su zuwa gaban joji. Razdan ne ke duba takardun, Gwamna ya tabbatar da hukunci ko ya sassauta. Gyare-gyaren da aka yi a 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, su suka buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu da wadda ke samanta, aka kuma goge kalmomin da suka keɓe kotunan gargajiya daga sashe na 4 na kundin. Daga nan jojin da suka yi karatun lauya a Landan suka fara karanta hukuncin da aka gina a kan Mukhtasar.

Abin da ya dame su ya zo ta fuska biyu masu karo da juna, kuma wannan shi ne abin da ake yawan mantawa idan ana ba da labarin. Ta fuska ɗaya suna ganin tsarin Malikiyya ya yi tsanani: manomin da ya maka wa maƙwabcinsa sanda a rikicin iyakar gona zai iya rasa kansa idan magada suka ƙi yafewa. Ta ɗaya fuskar suna ganin ya yi sassauci fiye da kima: wanda ya kwana yana wasa wuƙa, ya je ya kashe abokin gabarsa a bainar jama'a, zai iya fita bayan shekara guda idan ɗa ɗaya ya ce ya yafe, ko don Allah ko don an ba shi shanu. A idon joji, an bar rayuwar mutum a hannun son zuciyar dangi, mutum biyu masu laifi iri ɗaya ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu. A idon alƙali kuwa, Bature ya shiga tsakanin mai hakki da hakkinsa: ya kashe wanda masu jini suka yafe wa, ya raya wanda suka ce a kashe, kuma a duka biyun marayu sun tashi ba ƙisasi ba diyya. Wannan kusan shi ne zargin da Shehu ya yi wa sarakunan Haɓe.

4.0 Shari'ar Tsofo Gubba

A kan wannan turba aka zo ga shari'ar Gwandu, zamanin Sarki Yahaya. Babu mas'alar da ta fi ta kwarto bayyana nisan da ke tsakanin ma'aunan biyu, saboda kowane ɓangare yana da tsohon hukunci a kanta. A Ingila, tun ƙarni na 17 kotuna suka ɗauki tarar da mata tare da kwarto a matsayin mafi girman tunzurawa, wadda ke sauko da kisa daga matakin rataya. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuwa an kawo cewa an tambayi Sayyidina Aliyu game da mutumin da ya sami wani tare da matarsa ya kashe, ya hukunta cewa in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga masu jini. Hikimar a fili take: da an buɗe wannan ƙofa, duk mai son kashe maƙiyinsa sai ya kira shi gida ya kashe, ya ce kwarto ne, ga shi kuwa mamaci ba ya tashi ya kare kansa.

Kotun Sarki ta bi nata littafin ta yanke kisa. Da maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai ta fassara gyaran 1933 da cewa idan aiki laifi ne a kundin Turawa kuma laifi ne a shari'ar gargajiya, to kundin ne ke da rinjaye, ba a kuma yi wa mutum horon da ya wuce abin da kundin ya tanada. Tun da a kundin wannan kisa bai kai na rataya ba, hukuncin Gwandu ya rushe.

Sarakuna da alƙalai sun ɗauki wannan a matsayin karya alkawarin Lugga. Har cikin Turawan mulki akwai waɗanda hankalinsu ya tashi, don sun san alƙalan ba su taɓa karanta kundin ba, ba kuma da harshensu aka rubuta shi ba. A 1948 aka yi sabuwar doka da ta mayar wa kotunan En'e ikon yin hukunci da shari'arsu, sai dai ba ta kashe wutar ba. An sake taɓa dokar a 1951 da 1956, ƙararraki kuma suka ci gaba da hawa. A shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato a 1957, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta tsaya a kan cewa kotun gargajiya tana iya kama mutum da laifi bisa Malikiyya, amma horon kada ya zarce na kundin. Wannan ya jefa alƙali cikin wani hali mai wuyar sha'ani: zai tabbatar da ganganci da littafi ɗaya, sannan ya nemi tunzurawa, abin da littafinsa bai san da shi ba, a wani littafin, kafin ya san ko zai yanke kisa.

Idan aka ajiye siyasar mulkin mallaka gefe, tambayar da ke ƙasa tsohuwa ce. Dokar Ingila tana auna cancanta da abin da ke cikin zuciyar mai kisa a lokacin da ya ɗaga hannu, don haka wanda fushi ya rufe wa ido bai kai wanda ya shirya a natse mugunta ba. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma Bahaushe ma ya san bambancin mai zafin zuciya da mugu. Fiƙihu bai musa wannan bambanci ba, sai dai ya ƙi ɗora wa alƙali aikin leƙa zuciya. Ya tsaya ga abin da ke bayyane, ya bar rangwame a hannun waɗanda aka cuta, waɗanda galibi sun fi kowa sanin yadda abin ya faru da halin wanda ya yi shi. Rauninsa shi ne rangwamen yana iya bin dukiya ko tsoro. Raunin ɗaya tsarin kuwa shi ne ya mai da fushin namiji uzuri, kuma wanda aka kashe cikin fushi bai fi wanda aka kashe a natse rai ba. Ingila da kanta ta dawo daga rakiyar wannan uzuri: ta daina rataye masu kisan kai a 1965, sannan dokar da ta yi a 2009 ta soke tsohuwar kariyar tunzurawa, ta kuma ce cin amanar aure shi kaɗai ba ya zama dalilin sassauci. Mas'alar da aka rushe hukuncin Gwandu a kanta ke nan.

5.0 Sulhun 1960

Akwai wani ɓangare na fiƙihun da ya fi wuyar karewa a ƙasa mai addinai da yawa, shi ne sharaɗin daidaito. A Malikiyya ba a kashe Musulmi saboda wanda ba Musulmi ba sai a kisan gilla, kuma diyyar Kirista ko Bayahude rabin ta Musulmi ce, ta mai bin addinin gargajiya kuwa ta yi ƙasa da haka nesa. Wannan na cikin koke-koken da aka kai gaban Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958. Ga kuma mulkin kai na Jihar Arewa yana ƙaratowa. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da dokokinsu, sannan a 1958 ta kira kwamitin masana shari'a a Kaduna ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Anderson da Wazirin Borno Shettima Kashim da Peter Achimugu da Babban Alƙalin Bida Malam Musa.

Shawararsu ta haifi Final Kod, wanda majalisar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin 'yancin kai. An ɗauko shi daga kundin Sudan, wanda shi ma jikan kundin Indiya ne na 1860. A babin kisan kai ra'ayin jojin ne ya yi nasara: sashe na 221 ya tanadi kisa, na 222 ya jera abubuwan da ke sauko da laifin, tunzurawa mai tsanani ta farat ɗaya tana kan gaba. Ƙasama ta fita, sharaɗin daidaito ya fita, waliyyan jini suka rasa ikon ƙisasi da na yafewa. Abin da aka rage musu kaɗan ne: dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta umarci kotun gargajiya, kafin ta yanke kisa, ta kira dangin mamaci ta ji ko suna son a zartar, ta rubuta abin da suka ce, domin masu ba da shawara a kan afuwa su duba. An kwashi alƙalai zuwa Makarantar Koyon Mulki ta Zariya don su koyi sabon kundin. Kotunan sarakuna su kansu ba su daɗe ba bayan haka, gwamnatin soja ta rushe su a 1967.

Shekara arba'in hukuncin kisan kai a Arewa yana kan wannan tsari. Da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, ta kafa kundinta a farkon 2000, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, ƙisasi da diyya da yafewar magada suka dawo cikin rubutacciyar doka ga Musulmi, wannan karon a sassa masu lamba irin na Final Kod, shi kuma Final Kod ya ci gaba da aiki a manyan kotunan jihohin. A watan Janairu na 2002 aka zartar da hukuncin kisa na farko ƙarƙashin sababbin dokokin, a kan wani mutum da kotun shari'a ta Katsina ta kama da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. A gidan yarin Kaduna aka zartar, kuma ta hanyar rataya, wadda ita ce hanyar da Turawa suka bari.